Sai Ruwan Afrilu Ya Wanke Gishiri

Sansanin masu walda, hamadar Oman
Oktoba, 1983

Yaya Thelma,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Norman, da Baba. Yaya tarin nasa? A wasiƙarki ta baya kin ce ba laifi, to Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da zafi. Nan in ka manta guduma a rana ka ɗauka da hannu, sai ta saɓule maka fata. Abinci kuwa shinkafa ce safe da yamma, har na fara mafarkin burodin da kike rabawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma ki zauna kafin ki karanta, don na san bakinki. So nake ki saya wa Baba mota. Ba ta cefane ba. Irin ta Likita Armstrong nake nufi: ƙarama, kujera biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa.

Kin san labarin, tun muna yara muke jin sa. Ranar da za a haife ni an wuce da Mama asibitin Hexham, Baba yana can ramin dutse wajen aiki. Likita ya bi ya ɗauke shi da ƙurarsa da komai, suka haura tudun Allenheads ba rufi a kansu. Kullum in Baba yana ba da labarin, a nan yake tsayawa ya dafa ƙirji ya ce, "Ranar ce kaɗai iska ta kai min har ƙasa." Mutumin nan shekara arba'in yana shaƙar ƙurar dutse, bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba. Ni kuma tun da aka rufe masana'antar ƙarfe na taho nan, ban yi masa komai ba sai katin Kirsimeti. Abin yana damuna.

Na turo fam ɗari tara ta banki, iyakar ƙarfina ke nan. Yanzu ne lokacin saye, domin ba mai neman mota marar rufi alhali sanyi na tahowa, masu ita sun ƙosa su rabu da ita. Ki duba shafin talla na jaridar Juma'a. Kada fenti ya ruɗe ki. Ki sami maganaɗisu ki sa a cikin safa, ki bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, tsatsa ce aka cike da ƙwaɓin fila aka shafe da fenti, ki juya ki yi tafiyarki ko mai motar yana kuka. Koriya nake so, kore mai duhu irin na likita.

Kwangilata za ta ƙare a Mayu. In na dawo, ni zan ɗauke shi mu haura tudun nan ranar haihuwata. Kafin nan kada ya ji ko ƙishin-ƙishin.

Ƙaninki,
Alwyn

Rookhope
Nuwamba, 1983

Auta,

Wasiƙarka ta iso, kuɗi ma sun iso. Muna lafiya. Norman har yanzu bai sami aiki ba, ya zama mai gadin murhu. Baba ya ce in rubuta maka ba laifi. Na rubuta.

Asirin naka kuwa ko kwana biyu bai yi ba. Wa ya taɓa ɓoye abu a Rookhope? Baba ya ga ina zagaye tallace-tallace a jarida, ya ga na ɓalle maganaɗisun ƙofar kabad na cusa a safar Norman, ya ce, "Ke Thelma, ko mota za ki saya ko kin haukace. Wanne ne?" Da na gaya masa sai ya juya ga wutar murhu. Can ya ce, "Yaron nan ba shi da hankali." Sannan ya ce in miƙo masa hularsa.

Asabar uku muka yi muna yawo a motar burodi. Ka ce koriya. Auta, koriya a fam ɗari tara sai dai a hoto. Mun ga guda a Darlington tana ta ƙyalli, mai ita wani ɗan gaye ne mai gashin baki, sai kira na yake "'yan mata". Na bi ta da safar Norman, duk inda na ɗora sai ta faɗo ƙasa. Ya ce, "Wai me kike yi mata ne?" Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Gaishe ta take yi, ta ƙi amsawa." Muka tafi. Ta biyu kuwa, da na ɗaga tabarmar ƙasanta sai ga ni ina kallon kwalta.

Ta uku a wata gona ce bayan Alston, wajen wani makiyayi, Mista Nattrass. Ta ɗansa ce da ya ƙaura Kanada. Shekara huɗu tana rumbun ciyawa, kaji na yin ƙwai a kan kujerunta. Ba ta tashi, birki ya kame. Amma tun da aka ƙera ta ba ta taɓa fita lokacin sanyi ba, maganaɗisu ya maƙale mata ko'ina kamar kaska. Launinta ruwan ɗorawa ne. Na ce wa Baba ai Alwyn koriya ya ce. Ya ce, "Ni a ciki zan zauna. Masu kallo su ji da launin."

Shi ya yi cinikin daga inda yake zaune, bai iya saukowa ba saboda sanyi. Nattrass ya ce dubu da ɗari ɗaya. Baba ya ce, "Da kajin ko ban da kajin?" Suka yi ta ja har shayi ya huce, aka tsaya a ɗari takwas. Suka tafa, Nattrass ya zaro fam biyar ya mayar wa Baba na sa'a, kamar an sayi tunkiya. Baba ya soka su cikin hularsa, ya ce naka ne, sai ka zo ka karɓa. Ragowar kuɗin sun tafi wajen birki da batir.

Mun jawo ta a tirela, tana rumfar bayan gidan Baba. Norman ya sami abin yi, tun safe yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ce kafin Kirsimeti za ta tashi.

Bayan tafiyar Alston Baba ya yi kwana biyu a kwance. Ya ce kada in sa wannan. Na sa, ka yi yadda ka ga dama da shi.

Yayarka,
Thelma

Hamadar Oman
Disamba, 1983

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Ki ce wa Baba na ji ya kwanta bayan Alston, ya daina wasa da sanyi, shi ba yaro ba ne. Ni lafiya lau.

Na karanta wa mutanen ɗakinmu wasiƙarki, wani ɗan Glasgow ya yi dariya har ya ƙware a kan maganar kaji. Ruwan ɗorawa! To shi ke nan, na yafe. Motar da ba ta taɓa ganin gishiri ba ta fi min koriya goma. Kin iya, Yaya, na sara miki.

Yanzu ki saurare ni da kyau, Norman ma ya ji. Na san an fara watsa gishiri a hanya saboda ƙanƙara. Ko ta tashi, kada tayarta ta taɓa kwalta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuma motocin nan duk jikinsu tsaga ne. Gishiri ya shiga ƙarƙashin ƙofa sau ɗaya, to ya zauna ke nan, yana ci daga ciki ba mai gani. Norman ya ɗaga ta a kan tubali, ya cire batir ya ajiye a ɗaki, a rufe ta da tsohon bargo, ban da leda. Kowa haka yake yi. Sai ruwan Afrilu ya wanke hanya sannan a sauke ta, ni kuma ina tafe a Mayu.

Barkanku da Kirsimeti. Ku ajiye min fam biyar ɗina.

Alwyn

Rookhope
Janairu, 1984

Auta,

Barka da sabuwar shekara. Ni da Norman lafiya. Tun da ka rubuto cewa ka ji ya kwanta, Baba ya sa min suna 'yar gulma, ya kafa doka cewa duk wasiƙar da zan aiko maka sai na karanta masa kafin in liƙe. Ga shi nan yana saurare. Ya ce ba laifi.

Kirsimeti ta wuce shiru. Na gasa kaza, ya ci ɗan tsoka kaɗan da romo. Mawaƙan majami'a sun zo sun tsaya a bakin taga sun yi masa waƙa uku maimakon ɗaya. Mun sauko da gadonsa falo, kusa da tagar da ke kallon rumfa. Ni ma na dawo gidan da kwana. Nas Peart tana leƙowa.

Mota ta tashi ana gobe Kirsimeti. Da farko tari ta yi ta yi, Baba ya ce, "Ashe 'yar gidan nan ce." Sannan ta kama. Norman ya kai ta a tirela an duba ta, an ba ta takardar lafiya, ya dawo da ita ya ɗora a tubali kamar yadda ka ce. Batir ne kawai ba mu cire ba. Kullum bayan abincin rana Baba yakan ce a buɗe masa taga, Norman ya je ya tayar da injin ya ɗan taka masa totur. Yana kwance yana ji, ido a rufe. In ta yi wani sauti ya ce, "Norman, iska ta yi mata yawa." Mutumin da bai taɓa buɗe injin mota ba!

Ga abin da nake roƙo. Ka yarda in sauke ta sau ɗaya. Rana ɗaya, in an sami sararin sama, in kai shi saman tudu mu dawo. Norman zai wanke ƙasanta da ruwan zafi, zai yi duk abin da ka ce.

Na karanta masa wannan, ya ce, "Bar yaron. Guminsa ne, ya ce Mayu. Mayu ba nisa." Ya ce in sa maka haka, na sa.

Auta, ka karanta wasiƙar nan sau biyu.

Thelma

Hamadar Oman
Ƙarshen Janairu, 1984

Yaya,

Na sami taki. Na ji daɗi da Baba yana nan ba laifi, har yana koya wa Norman kanikanci. Saukowa da gadon dabara ce mai kyau, gwiwarsa za ta huta da hawan bene. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, kuma amsar ɗaya ce: a'a. Ruwan zafi ba ya kai wa inda gishiri ke shiga, ni na san ƙarfe, aikina ke nan. Mun yi sa'ar da ba a yi sau biyu, kina so ki ɓarar da ita a yammaci ɗaya saboda wata uku sun yi miki nisa? Sauri ya haifi nawa. Kuma wane mai hankali ne zai fita da mai tari cikin mota ba rufi a Janairu? Shi kansa ya ce Mayu ba nisa.

Zan faɗa miki gaskiya, Yaya, ko za ki ji haushi. Ke kina tare da shi kullum. Ke ce mai dafa masa, ke ce yake gani. Ni abu ɗayan nan kawai nake da shi. Shekara uku ina soyuwa a nan ina tunanin ranar. Kada ki riga ni.

Gobe za a kai mu can cikin hamada kan wani sabon bututu, wasiƙa za ta riƙa jinkiri.

Alwyn

Rookhope
Fabrairu, 1984

Alwyn,

Ina fatan murar ta sake ka. Wannan wasiƙar Baba bai ji ta ba, kuma ba zan rubuta maka ba laifi ba, domin akwai laifi.

Tun Disamba likita ya gaya mana huhun ya gama. Baba ya sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ya ce in ka ji za ka yar da kwangilar ka taho, ka rasa kuɗin sallama, ka dawo ka zauna bakin murhu kusa da Norman. Na yi maka hannunka mai sanda iya iyawata. Da wasiƙarka ta zo na karanta ta a tsaye a ɗakin girki, na yi kuka don haushi. E, ni yake gani kullum. Ni ce mai juya shi, ni ce mai zubar da kwanon tofinsa. Da za a ba ni hamadarka mu yi musanya na mako ɗaya, da na karɓa. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Ranar Talata Nas Peart ta ja ni bakin ƙofa ta ce, "Thelma, in akwai abin da yake so, kada ki jira Lahadi." Laraba gari ya waye tas, rana a kan ƙanƙara. Na ce wa Norman ya sauke ta. Ya ce, "Alwyn fa?" Na ce Alwyn ƙanina ne, ni na goya shi, ni zan ji da shi.

Baba ya yi gardama, ya ce motar yaro ce. Na ce masa, "Baba, ko ka shiga da kanka ko Norman ya ɗauke ka kamar jariri a gaban maƙwabta." Ya ce, "Halin uwarki sak." Norman ɗin ne dai ya ɗauke shi, bai fi nauyin ɗan rago ba. Muka naɗe shi da bargo uku, da kwalbar ruwan zafi a cinya. Na ce za mu ja rufin. Ya ce in aka ja rufin a mayar da shi gado. Tukunyar iskar numfashi da asibiti ta ba shi ma ya ce a bar ta, yau ba ya son ta gwangwani.

Ka ji abin da ya fi muni, don ba na so ka ji a bakin wani. Hanyar tudu ba ta biyuwa sai a bayan motar watsa gishiri. Mun tarar da ita a ƙasan hawa, na bi ta a baya har sama. Gishirin yana feso mana a gaban mota da gilashi kamar ana watsa tsakuwa, ina jin sa yana buga ƙasanta. Direban ya hango mu ta madubi, ya ga Babanmu Wilf Lowes ne a cikin abin nan ruwan ɗorawa, sai ya cire hularsa ya ɗaga ta taga.

A sama ya kauce mana, hanya ta miƙe fes. Na sa giya ta ƙarshe. Auta, ya buɗe baki kamar yaro yana tarar ruwan sama. Hawaye na gudu ta gefen kunnensa, ban sani ba ko na sanyi ne. Tun kaka ban ga ƙirjinsa ya ɗaga haka ba. Mun kai har inda ake hango Allenheads muka juyo. Da muka iso gida ya ce, "To. Ta kai ƙasa."

Norman ya wanke ta. Na san bai isa ba. Ka yi fushinka, na ɗauka.

Na buga waya ofishinku na Maskat, sun ce kana can kan bututu, saƙo sai an sami mai zuwa. Na bar musu saƙon, ga kuma wannan. Na karya rantsuwata. Ka taho gida.

Thelma

Kan bututu
Fabrairu, 1984

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Tun wasiƙarki ta Janairu ban sami komai ba, motar kawo saƙo ba ta zo nan ba tukuna. Wannan zan ba direban tankin ruwa ya jefa min.

Jiya ina cikin walda, garkuwa a fuskata, sai falonmu ya faɗo min a rai. Na tuna sau ɗaya na taɓa ganin gado a wurin: lokacin da Kakarmu take jinyar ajali, ina ɗan shekara shida. Na tuna ana hana ni gudu a cikin gida, na tuna mawaƙan majami'a a bakin taga. A Rookhope ba a sauko da gado don ciwon gwiwa. Nan take na ɓata haɗin, shugaban aiki ya ce in je in zauna.

Wasiƙarki tana aljihuna, na sake karantawa. Kin faɗa min komai, ni ne ban so in ji ba.

Ki sauke ta, Yaya. Yau, in kin sami wannan da rana. Ki bi da shi ta cikin gishirin, ta cikin teku ma in ya ce yana so. Ki manta abin da na rubuta na cewa kada ki riga ni, ki ƙona takardar. Na nemi izinin tafiya, ina jiran amsa. Ki ce masa ya jira ni.

Auta

Hamadar Oman
Afrilu, 1984

Yaya Thelma,

Na iso lafiya. Sun mayar da ni aiki, kuɗin sallamar ma ba su taɓa ba, abin da Baba ya yi ta tsoro bai faru ba. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Yaya bayanki? Ki huta, don Allah. Ki gaishe da Norman, ki ce na gode da ɗaukar akwatin gawar Baba da ya yi tare da ni.

Mako guda na yi a gida ba mu yi magana ba. Mun yi maganar furanni, da naman da za a ba masu gaisuwa, da wanda zai karɓi gadon. Halinmu ke nan, a takarda kawai muke da baki. Na iso bayan kwana biyu da rasuwarsa, kuma wasiƙar da na ce ki sauke motar ta iso bayana, ni na karɓe ta a hannun mai kawo wasiƙa. Na ga kin ajiye ta a kan kabad ba ki buɗe ba. Ki buɗe.

Ranar da zan taho, da kika ga na daɗe a rumfa, ƙarƙashinta na shiga da tocila. Norman ya yi ƙoƙari, amma gishirin yana nan, fari fat a cikin kowace tsaga, daidai inda na ce zai shiga. Na kwanta ina kallon sa. Na yi zaton zan ji haushi. Abin da na ji shi ne, da kin bi maganata, da yanzu ina da mota mai tsabta a kan tubali, shi kuma ya tafi da jin ƙararta kawai ta taga. Na gode da kika raina ni, Yaya.

Motar taki ce. Kada a sake ɗora ta a tubali. Ki hau ta rani da sanyi, in ta huje ai ni mai walda ne.

Abu ɗaya nake tambaya, na kasa yi ido da ido. A can sama, ya ambace ni? In bai yi ba ki ce bai yi ba, kada ki ƙirƙira min. Na san ni na zaɓi mota a kan maganarki.

Alwyn

Rookhope
Mayu, 1984

Auta,

Muna lafiya. Bayan nawa ya yi sauƙi. Norman ya sami aikin wucin gadi a garejin Stanhope, sun ce wanda ya tayar da motar kaji zai tayar da komai. An mayar da gadon sama, falo ya yi min faɗi.

Na buɗe wasiƙar. Na ajiye ta, ɗayar kuma na ƙona kamar yadda ka ce.

Ka yi tambaya, zan ba ka amsa, kuma ka san ni ban iya ƙirƙira ba. Ban sa wannan a waccan wasiƙar ba don a lokacin ina jin haushinka, na ga ba ka cancanta ba. Da motar gishiri ta kauce mana, hanya ta miƙe ta fuskar Hexham, ina tafiya a hankali saboda santsi. Sai na ji ya dafa hannuna a kan giya. Idonsa a rufe. Ya ce, "Ƙara wuta, likita. Yaron yana jira."

Ban sani ba ko zolaya ta yake yi, ko kuwa da gaske ya koma can, ranar da aka haife ka. Ban tambaye shi ba. Na ƙara wutar.

Saboda haka ka daina cewa na riga ka. Ni direba ce kawai. Wajenka za shi.

Fam biyar ɗinka suna nan cikin hular, hular tana kan kujerarsa a mota, nan na bar ta. Jiya ranar haihuwarka na haura tudun ni kaɗai, rufi a naɗe, ruwa ya ba ni kashi a hanyar dawowa. Da na tsaya a rumfa na ga fenti ya ɗan kumbura a ƙasan ƙofa, ta ɓangarensa, bai fi kan ɗan yatsa ba. Norman ya ce zai kankare. Na ce ya bari, akwai mai aikin.

Ka taho da kayan waldarka.

Yayarka,
Thelma